Rasuwar 'Yar Baƙa da Faifan Ƙarshe a Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu kuma da ya fi baƙin ciki zafi, Shiru, mai ɗinki a ɗakin baya, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar na'urarta ta kallon faifai, wadda gida ya sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi, a kan ɗan teburin da ke gefen keken ɗinki. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Hannu ne, kuma hannun a gidan nan yake cin abinci.

Shekara uku marigayiya ta yi tana aiki ɗaya: nuna wa Shiru wani dogon wasan barkwanci na Turawan Ingila, labarin wani tsoho mai gyaran agogo da maƙwabciyarsa, waɗanda suka shekara goma sha shida suna faɗa a kan igiyar shanya, alhali kowa ya san abin da ke ransu. Shiru ba ta yi nisa a makaranta ba, rabin Turancin wuce ta yake yi. Amma ta san tarin da tsohon ke yi in zai shara ƙarya, ta san hararar matar.

Faifai arba'in da ɗaya ne. Da yake rubutun jikinsu bai tsinana mata komai ba, da zare ta jera su. Kowace shekara da launinta, na Kirsimeti kuma jan zare, kowanne a gurbinsa tsakanin shekara da shekara. A cikin masu jan zaren ake aure, a cikinsu ake haihuwa. Wanda ya tsallake ɗaya sai ya ga jariri a hannun mutane bai san daga ina ya faɗo ba. Shiru ba ta taɓa tsallakewa ba, ba ta taɓa leƙa gaba ba.

An shaidi marigayiya da haƙuri da riƙon amana. Ita kaɗai ta taɓa jin Shiru tana ƙyalƙyala dariya, kuma ba ta kai wa kowa labari ba. In an ba ta faifai sai ta ce “zuuu, ƙirr, tak,” ta kama aikinta. Ciwonta ɗaya ne: bakinta kan cije. Maganin kuwa duk gida an sani, a ɗan bubbuga gefen hagu sau biyu, a jira.

Ranar Talatar, faifan ƙarshe ne a ciki, mai jan zare. Shiru ta ci rabinsa sai wata ta zo awon riga, ta tsayar ta fita. Yaya, direban motar kaya, ya shigo zai kalli bikin abokinsa. Bakinta ya cije. Bai bubbuga ba, bai jira ba, bai ma cire ta daga wuta ba. Wuƙar kicin ya zura mata. Kalmarta ta ƙarshe “ƙas” ce, sai hayaƙi.

Da Shiru ta dawo ta tsaya kamar an dasa ta, sai ya yi dariya.

“Haba Shiru, ƙarfe ne fa, ba mutum ba! Wa ke kallon faifai yanzu? Ni tuni na ga ƙarshen a waya. Ai tsohon nan naki...”

Ta faɗa kan keke ta taka shi da duk ƙarfinta. Duk da ƙarar, kalma biyu sun shige mata kunne: tashar jirgi. Kwana uku ke nan tana ɗinka hannun riga a baibai. Tsohon ne ya tafi? Matar ce? Ko tare? Umma ta ce, “Ki yi haƙuri, yayanki ne.” Shiru ta ce to. Kullum to take cewa.

Marigayiya ta bar rimot ɗaure da roba, da wayoyi uku, da marayu arba'in cikin kwalin takalmi, da ɗaya a cikinta.

Ranar Asabar da safe mai gyara zai buɗe gawar ya ciro faifan, da fatan wuƙa ba ta kai gare shi ba. Daga nan a sa ta a kwalin da ta zo da shi, a kai ta saman kabad. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin ɗinki. Wanda ya ambaci jirgi ya kama hanyarsa.

Sanarwa ta musamman ga Yaya. Gida ya san duk ranar da ƙungiyarsa ke buga ƙwallo yana kan hanya. Yakan kashe waya, ya kashe rediyon mota, ya wuce shagon aski da yatsu a kunne, don ya zo ya kalli maimaici kamar yanzu ake yi. Ranar Asabar ɗin ne wasan ƙarshe na kofi, kuma Shiru ta ari rediyon Baba.

Ba ta iya doguwar magana ba, kowa shaida ne. Za ta tare shi a bakin ƙofa da ruwan sanyi, ta durƙusa, ta ce sannu da zuwa Yaya. Sannan ta faɗi lamba biyu, yadda aka tashi wasan.

Haka za ta yi masa har wasa arba'in da ɗaya, bi da bi. Ba za ta tsallake ko ɗaya ba.