Rasuwar Baturiya, Kwamfutar da Ta Cika Saura Kaɗan Hoto Ya Fito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da yatsan da har yanzu yake danna maɓalli bai ji amsa ba, ni Zubair Abdulsalam na garin Gaya nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutata, wadda aka fi sani da Baturiya. Ta cika ranar Juma'ar da ta wuce, muna masallaci, tana tsakiyar aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a san ainihin shekarun marigayiyar ba. Ta zo Kano ne a cikin kayan gwanjo, bayan ta gama yi wa wani ofis bauta a ƙasar Turai, kuma ta yi shekara uku a ɗakina. Mahaifiyata, Inna Hajo, ita ce ta raɗa mata suna, don ta ji labarin inda ta fito, ta kuma lura ba ta da juriyar zafi ko kaɗan.

Ga waɗanda suka sha tambayata me nake yi a ɗaki wuni guda, yau zan ba da amsa, tunda babu sauran abin ɓoyewa. Ni da marigayiya muna zana kayan amfani ne da wani salo da masu sana'ar ke kira sitimfonk. Wato ka ɗauki abin yau, kamar rediyo ko fitila, ka zana shi kamar maƙeran zamanin jirgin ƙasa mai kwal ne suka ƙera shi: jikin tagulla, haƙoran ƙarfe suna juya juna, ƙananan bututu, ga tururi yana fita. Ni ne mai zane. Ita kuma aikinta ta zauna ta lissafa haske da inuwa ɗigo bayan ɗigo, har zanen ya koma kamar hoton abin da za ka iya taɓawa. Wannan zaman shi ake kira rendarin, kuma shi ne ya ci ƙarfinta. Mahaifina, Malam Abdulsalam, ya taɓa leƙowa ya ga wata buta a allo, ya tambaye ni ko tana tafasa ruwa. Na ce masa hoto ne. Ya kalle ni, ya ce Allah Ya kyauta.

Duk wanda ya zauna da marigayiya zai shaide ta da haƙuri. Da faifan sola guda take rayuwa, baturinmu kuma ya tsufa, don haka aikinta na tsakar rana ne, lokacin da ko akuya ta nemi inuwa. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. In na kunna ta da safe sai ta ce "ƙit", alamar ta amsa gaisuwa. In aiki ya yi nauyi sai fankarta ta ɗauka, "wuuuu", kamar injin markaɗe daga nesa, ni kuma in zauna gefenta da mafici ina yi mata fifita. Na yi mata fifitar da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Tana da nata aibin: takan sandare ana tsaka da aiki, ta mantar da abin da muka yi tun safe. Na yafe mata duniya da lahira.

Ga yadda ajali ya zo. Tun kakar bara Baba ya kafa mini sharaɗi: ya ɗauke mini zuwa gona har zuwa ruwan shuka na bana. In kwamfuta ta samo mini aiki kafin nan, falillahil hamdu. In ba ta samo ba, in ɗauki fartanya in bi shi gonarmu ta Balan, kuma kada a sake ta da maganar. Na amince. Ana cikin haka wani kamfanin zane a Legas ya ga hotunana, ya ce in aiko da gwaji guda ɗaya kafin ƙarfe biyar na yammacin Juma'a, in ya yi musu su ɗauke ni. Wata uku na yi ina ƙera musu wata butar mai shayi. Na yi mata ƙafa uku na tagulla, da agogon auna zafi a ciki, da bututu mai lanƙwasa kamar wuyan zalɓe. Har tsatsa na sa mata a gindin mariƙi. Ban taɓa yin abin da ya kai ta kyau ba, kuma ban kwafe ta ko'ina ba, kullum ina cewa gobe.

Ranar Juma'a na sa rendarin tun hantsi. Zafin ranar nan kowa ya shaida shi. Lokacin da aka yi kiran salla aiki ya kai kashi casa'in da huɗu, marigayiya tana kuka iya ƙarfinta. Na ajiye mafici, na buɗe ƙofa da taga don iska ta ratsa, na tafi masallaci.

A nan dole in yi bayanin abin da mutanen garinmu suka sani ba sai an faɗa musu ba. Ni ne ɗan fari a wurin Inna. Tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa tambayata yaya aiki ba, ba ta taɓa taka ɗakina ina ciki ba. In ta ajiye mini abinci sai ta gaya wa bango cewa ga tuwo nan. Na girma ina ganin kamar ba ta san abin da nake yi ba, ashe duk kukan fankar nan a kunnenta yake, duk fifitar nan a idonta.

Da na dawo, tun daga zaure na ji shiru. Na shiga ɗaki na tarar da marigayiya lulluɓe da buhun algarara jiƙe sharkaf, irin wanda Inna take naɗe tulu da shi don ruwa ya yi sanyi. An naɗe ta tsaf, an soke bakin buhun da kyau, babu kafar da aka bari. Ruwa yana ɗiga ta ramukan da take shaƙar iska. Wani siririn tururi yana tashi daga bayanta, da warin ƙonanniyar roba. Shekara uku muna zana tururin ƙarya, sai ranar nan na ga na gaske. Allo baƙi ƙirin.

Ina tsaye sai na ji Inna daga tsakar gida, tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Na ji 'yar mutane tana nishi, jikinta rau kamar mai masassara, mai fifitar kuma ba ya nan. Na rufa mata buhu. Ga shi ta samu barci."

Muryarta da fara'a. Tunda aka haife ni, wannan ce magana mafi tsawo da ta yi a kan abin da ya shafe ni. Na ce, "An gode, Inna." Ƙarfe biyar ta same ni zaune a bakin gado da buhu a hannu.

Washegari na goya ta a babur zuwa wurin Kamalu mai gyara. Ya kwance ta, ya shinshina, ya gwada nan ya gwada can, sannan ya cire hularsa ya ajiye. Ya ce uwar allon cikinta, wato ƙwaƙwalwarta, ta ƙone, katin sarrafa hoto ya bi ta, ma'ajiyar da zane-zanena suke ciki ma ba ta motsi. Na tambaye shi butata fa. Ya ce in yi haƙuri. Na rubuta wa mutanen Legas, suka amsa da ladabi cewa sun riga sun ɗauki wani. Ban ga laifinsu ba.

Marigayiya ta rasu ta bar allo guda, wanda yanzu fuskata kawai yake nuna mini, da kibod na buga rubutu mai haruffa uku da suka goge, da faifan sola da yake ta tara wuta a kan rufi bai san mai shan ta ta tafi ba. Ta bar mafici. Ta bar 'ya'ya bakwai a cikin wayata, hotuna ke nan, cikinsu har da rediyo mai hayaƙi da keken ɗinki mai tukunya. Autarsu, butar shayi, ta tafi tare da uwarta, kuma in ban da leƙen da Baba ya yi, ni kaɗai na taɓa ganin fuskarta. Ta kuma bar ni, mai shekara ashirin da bakwai, da sana'ar da babu wanda ya san sunanta daga nan har Wudil. Masu cewa Allah zai kawo wata, na gode, amin. Amma na san abin da na sani: shekaranjiya an yi ruwa a Ajingi, jiya hadari ya haɗo mana, yau da safe na tarar Baba ya jingine sabuwar fartanya a ƙofar ɗakina.

Game da jana'iza, Kamalu ya riga ya yi mata sutura da kwalin taliya. Ranar Talata za a miƙa ta ga masu sayen tsofaffin ƙarafa, ba na son rakiya. Za a karɓi gaisuwa a gonar Malam Abdulsalam da ke hanyar Balan, daga bayan sallar asuba har rana ta take, kullum, har kaka. Mai zuwa ya taho da fartanyarsa.

Roƙo ɗaya nake yi ga waɗanda wannan takarda ta isa hannunsu. Inna ba ta karatun boko, kuma na gaya mata tsufa ne ya kashe Baturiya. Ta yi jimami, ta ce ai ko ba komai baiwar Allah ta tafi a cikin sanyi. Don girman Allah a bar ta a haka. Buhun ya koma jikin tulu. Wanda ya biyo ta gida gaisuwa za ta ɗebo masa ruwa mai sanyi daga ciki. Ya sha, ya yi godiya, ya yi shiru.