Rasuwar Fitilar Ɗaki na Bakwai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka ƙi zama wuri ɗaya tun ranar Lahadi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da ma'aikatan wannan asibiti rasuwar fitilar silin ta ɗaki na bakwai, ɓangaren mata. Ta rasu ranar Lahadi da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a bakin aikinta, bayan gajeriyar jinya. Mai gyaran wutar asibitin ya ce ta haura shekara ashirin a duniya. Ni wata ɗaya kacal na yi da ita, amma na fi waɗanda suka girke ta sanin darajarta.

Ga wanda bai san ni ba, malamar firamare ce ni. Na ajiye ajina na zo jinyar yayata, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara tara. Yaya tela ce, kuma mace mai baki, irin wadda za ta auna ki tana yi miki faɗa a kan mijinki da allura a leɓenta. Hawan jini ya buge ta tana kan keken ɗinki, ya tafi da bakin, ya tafi da hannuwa da ƙafafu, ya bar mata idanu. Tun daga ranar take kwance rigingine, kuma abin da mai kwanciya rigingine yake gani a duniya shi ne silin. Tagar ɗakinmu bangon sabon ginin da aka yi a gefe take kallo, tsakaninsu bai fi kamu uku ba, don haka rana ba ta san da mu ba. Marigayiya ce ranarmu.

Dole in faɗi abin da ya sa nake rubuta wannan sanarwa a tsaye, a kan murfin loka. Ranar Alhamis babban likita zai zagayo, kuma sau ɗaya yake zuwa a mako. Idan ya gamsu Yaya tana ji kuma tana amsawa, zai tura ta sashen motsa jiki, inda ake koya wa mutum haɗiya da zama da ɗaga hannu. Idan bai gamsu ba, zai sallame mu, a ce mu je gida mu ci gaba da juya ta. Ƙaramin likita ya riga ya rubuta a fayil ɗinta, kwana uku a jere, cewa ba ta amsawa. Wallahi tana amsawa. Ina tsoron Alhamis ɗin nan fiye da yadda na ji tsoron ranar da ta faɗi.

Marigayiya ta kasance mai kunya da sanin ya kamata. Ba a manne take da silin ba, ta sauko kamar taƙi ɗaya, a jikin wani siririn ƙarfe. Jikinta kwano ne na gilashi mai duhu-duhu, bakinsa yana kallon sama. Ba ta taɓa watsa wa mara lafiya haske a fuska ba. Silin take haskawa, shi kuma ya mayar mana da shi a hankali, ya bazu ko'ina, har ba ka iya nuna inda ya fito. Wanda ya rataye ta, ko waye shi, Allah ya saka masa, bai sa ta a saitin filo ba. Ya matsar da ita can wajen ƙafafun gado, yadda mai kwance zai buɗe ido ba tare da ya yi arba da ita ba. Haskenta ba fari fat ba ne, yana da ɗan ja-ja, shi ya sa fuskar Yaya take kama da ta mai rai.

Tana da sauƙin kai. A bango akwai wani ɗan maɓalli da ake murzawa, in an so ta ƙara ta ƙara, in an so ta rage ta rage, ba gardama. Ba ta da lungu ko saƙo da ƙura za ta maƙale, mai sharar ɗakinmu ta shaida cewa shafa ɗaya take yi mata da tsumma. Ba na cewa ba ta da aibi. Nas-nas sun sha yi mata tsaki in suna neman jijiya, sai sun haɗa da tocilan waya. Kuma da aka sauke ta an tarar da ƙudaje goma sha ɗaya a cikinta, waɗanda suka riga ta.

Magana ba ta dame ta ba. In an kunna ta sai ta ce ƙyas, ta ɗan yi shiru kamar mai tunani, sannan ta kama. Daga nan sai wani siririn zzzz da ba ka ji sai ɗaki ya yi tsit. Da farko yana ba ni haushi. Yanzu da babu shi, ni ce nake zagaye ɗakin kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

A ƙarƙashinta aka yi abin da ya fi komai girma a wannan jinya. Ranar Juma'ar da ta wuce, da hantsi, babban likita ya riga ya zo ranar Alhamis ya tafi, ina goge wa Yaya fuska ina ta surutuna. Na ce mata na ba wa maƙwabciyarta aron almakashinta. Sai na ga ta kafe ni da ido. Na san kallon, da shi na girma. Na ce, "Yaya, in kina ji na ki ƙifta sau ɗaya." Ta ƙifta. Na ce, "In ba ki yarda da aron almakashin ba ki ƙifta sau biyu." Ta ƙifta sau biyu, da ƙarfi. Na zauna a ƙasa na yi kuka har mai shara ta leƙo. Kwana biyu muna hira. Na gane filon ya yi mata tudu, na gane ƙafarta ta hagu tana mata ƙaiƙayi, na gane ba ta son surukarta ta riƙa zama a bakin gadon tana lissafa waɗanda irin wannan ciwo ya kashe. Ƙarshen mako ne, likitocin da suke leƙowa na wucin gadi ne, na ce bari Litinin ta yi in nuna wa namu likitan.

Ciwon ajali ya fara wa marigayiya ranar Asabar. Ta soma kyarma, ta ɗauke ta dawo, zzzz ɗin ya koma kamar na mai minshari. Ranar Lahadi muka ji ƙauri, ta ce tas, shi ke nan. Ba ta wahalar da kowa ba.

A nan zan yaba wa sashen gyare-gyare, don ban taɓa ganin sun yi abu da sauri haka ba, kuma da sun yi nawarsu da suka saba da ya fi mana. Litinin da sassafe suka shigo da tsani da magajiyarta a kwali. Wata farar aba ce mai kusurwa huɗu, shafaffiya kamar tire, ba kwano ba murfi. Ba su mayar da ita gurbin marigayiya ba, wai can allon silin ya tsufa ba zai riƙe ta ba. Suka cire allon da ya fi musu sauƙi, wanda yake daidai saitin filon Yaya, suka cusa ta. Suka kunna. Shugabansu ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya dubi ƙasa, ya dubi bango, ya buɗe tafin hannunsa ya duba, ya ce yanzu ne ɗakin ya zama na asibiti. Su huɗu ne, dukansu a tsaye, dukansu ƙeyarsu fitilar take haskawa. Babu wanda ya ɗaga kai, balle ya kwanta a gadon da ke gefe, wanda babu kowa a kai, ya ga abin da mai kwance zai gani.

Yaya ta runtse ido tun a lokacin. Hawaye yana bin gefen fuskarta yana shiga kunne, kuma ba ta da hannun da za ta kare. Ni na kwanta a wancan gadon na gwada, ban kai ƙirga goma ba. Magajiyar ba ta san ragi ba, ko a kunne ko a kashe. In na kashe, ɗakin ya yi duhun da ba na ganin idon da nake son gani. Na ce a juya gadon, aka nuna mini bututun iskar numfashi da soket-soket duk a bangon kai suke. Na nemi a sauya mana ɗaki, aka ce duk ɓangaren irinta ake sakawa.

Ƙaramin likita kuwa yaron kirki ne, ba na zaginsa, amma minti biyu gare shi. Yana shigowa hannunsa yake kai wa makunni kafin ya yi sallama. Wuta ta faɗo wa Yaya a fuska, ta damƙe ido, ya ce, "Mama, buɗe idonki." Ina fa. Ya ɗaga fatar idon da yatsa, ya ƙara mata da ɗan tocilansa, ya rubuta. Na kare mata da kwalin magani, na ce ya dakata, don in hasken ya buge ta sai ta yi minti goma kafin ta sake yarda ta buɗe. Ya dubi agogo. Ya ce, "Malama, 'yan uwa sukan ga abin da suke so su gani." Na ce, "Likita, shekara goma sha tara ina gane yaron da ya ji tambaya ya ƙi amsawa da wanda bai ji ba." Ya yi murmushi ya wuce ɗaki na takwas. Na bi shi har baranda ina magana, sai da nas ta riƙo mini hannu.

Na je ofishin gyare-gyare sau biyar a kwana biyu. An ba ni fom. Fom ɗin yana da gurbin fitila ba ta kamawa, da gurbin fitila tana kyarma, ba shi da gurbin fitila tana kamawa fiye da kima. Mai gyaran wuta, dattijon da ya sauke marigayiya da hannunsa, shi kaɗai ya saurare ni. Ya biyo ni ɗakin, ya cire hularsa, ya kwanta a gadon gefe da kayan aikinsa a ƙugu. Ya tashi yana murza ido. Ya ce, "'Yata, gaskiyarki. Ɗakin mara lafiya fitila biyu yake so, ta mai aiki da ta mai kwanciya. Mu ta mai aiki muka saka." Na ce to a cire. Ya ce ba shi da ikon taɓa ta sai da takarda, takardar kuma mako biyu take yi.

Marigayiya ta rasu ta bar maɓallinta a bango, wanda har yanzu nake murzawa in na manta, yana juyawa ba ya rage komai. Ta bar ramukan kusa huɗu da wani zagayen tabo a silin. Ta bar mai shara, wadda ta tsamo kwanonta daga tarin kayan da za a zubar, ta wanke shi, ta kawo mini a ɓoye cikin bokiti. Ta bar 'yan uwanta uku a ɓangaren maza, su ma an ce kwanansu ya kusa. Ta bar ni. Ta bar Yaya, wadda take da magana a cikinta kuma aka rubuta cewa babu kowa a ciki.

Masu zuwa gaisuwa, don Allah a daina ce mini fitila ce kawai. Surukar Yaya ta faɗa jiya, kuma na ji zafi.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Gawar tana ƙarƙashin gadon Yaya, a naɗe cikin zanina. Motar kwashe tsofaffin kaya za ta zo ranar Alhamis da azahar, kuma na yi wa mai shara alkawarin zan mayar kafin nan, don kada a tuhume ta. Saboda haka za a yi komai gobe Alhamis da safe, a ɗaki na bakwai. Ƙarfe takwas za a kashe magajiyar, don idon Yaya ya huta. Mai gyaran wuta zai kawo 'yar fitilarsa ta caji, mu ɗora kwanon marigayiya a saman loka wajen ƙafafun gado, mu sa fitilar a ciki tana kallon silin. Mun gwada ɗazu da rana. Bai kai na da ba, amma ana ganin fuska, kuma Yaya ta buɗe ido. Na tambaye ta ko za ta iya gobe, ta ƙifta sau ɗaya. Na tambaye ta ko tana tsoro, ta ƙifta sau ɗaya.

Babban likita yakan iso ɗakinmu wajen ƙarfe goma. Ban san shi ba sosai, ban sani ba ko mai jira ne. Ni zan tsaya a bakin ƙofa, bayana a jingine da makunni, kuma duk wanda yake son kunna shi sai ya ɗaga ni tukuna. Ba a buƙatar abinci, ba a buƙatar taro, kujera ɗaya ce a ɗakin. Abin da iyalan marigayiya suke roƙo shi ne mutum ɗaya mai biro da ikon rubutu a fayil ya matso kusa da gadon, ya sunkuya, ya yi wa yayata tambaya ɗaya, kowace iri ya ga dama, sannan ya tsaya har ta ba shi amsa.