Ranar da aka gwada kunnena a shagon Bala

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, bayan La'asar, a ƙofar shagon Bala mai gyaran rediyo a Unguwar Sarki, ranar da aka zaunar da ni a benci aka gwada kunnena a gaban jama'a. Shekara kusan hamsin ke nan, amma har yau in abin ya faɗo mini ina cikin alwala sai in manta ko na wanke fuska.

A lokacin ina masinja a wata ma'aikatar gwamnati. Karatuna bai wuce aji bakwai na firamare ba, aikina in ɗauki fayil daga wannan tebur in kai wancan, in sayo wa manya goro da jarida. Daga ƙauyenmu na ƙasar Zazzau na zo Kaduna ni kaɗai, na kama ɗaki guda a Hayin Banki, ba mata, ba dangi. In na dawo daga aiki na tura ƙofa, ba mai ƙara kirana sai washegari a ofis, nan ma "kai masinja" ake ce mini. Abin da ya ɗebe mini kewa shi ne jita. Wani tsohon soja da ake kira Kofur Audu, wanda ya yi kiɗan badujala kafin ya bar aiki, shi ya koya mini, daga baya ya sa ni a 'yar ƙungiyarsa da ke kiɗa a bikin ma'aikata.

Jitar lantarki ba ta magana sai da amfilifaya, wato akwatin da ake jona ta a jiki ya fito da sautin. Tawa na saye ta a hannun wani sojan sama a Mando da ya dawo da ita daga kwas a Ingila. Baƙa ce wuluk, an lulluɓe ta da wata irin fata, ga tambari mai ƙyalli a gaba, ga 'yar jar fitila da ke kamawa in an kunna. Tunda aka haife ni ban taɓa mallakar abin da mutane ke tsayawa kallo ba sai ita. Sojan ya ce mini sautinta yana da ɗumi, yana da zaƙi, ba irin na tarkacen da ake haɗawa a nan ba. Na haddace maganarsa kamar karatun allo, na shiga biya wa duk wanda tsautsayi ya sa ya zauna kusa da ni.

(Abin da ba na gaya wa kowa shi ne ɗakina babu lantarki. Amfilifayar da ta tsallako teku tana zaune a kan tabarma kamar turmi.)

Wannan ne ya haɗa ni da Bala. Shagonsa akwai wuta, don haka kullum da yamma sai in ɗaure ta a bayan keke da roba in tafi can. Ya ba ni wurin jonawa, ya ba ni benci, bai taɓa cewa na dame shi ba. Yana narka dalma a kan rediyon mutane, ni ina ta maimaita kiɗa ɗaya har a kira Magariba. Da tafiya ta yi tafiya, matarsa ta fara ƙara malmala guda a tuwon da take aiko masa, ba tare da wani ya ce komai ba. Bala ba mai yawan magana ba ne. Ya san hanyar kowace waya a cikin rediyo, amma bai iya karatun boko ba, kuma yana ɓoye wannan ƙwarai. Ni nake karanta masa wasiƙun ƙaninsa a can cikin shago, murya ƙasa-ƙasa, in rubuta masa amsa. A garin nan kaf, shi kaɗai ne in kwana biyu suka wuce bai gan ni ba zai tambaya ko lafiya.

Yau da gobe yana leƙa bayan amfilifayata, sai ya haɗa tasa. Ya ciro kwalaben nan masu haske daga wata tsohuwar babbar rediyo da aka yar, ya samo lasifika a kasuwa, kafinta ya buga masa akwati da katakon kwalin shayi. Da ya rasa abin lulluɓawa sai ya manna ledar ɗaki, mai furanni ja da kore. Ranar da ya nuna mini, yana murmushi irin na mai jin kunya, na yi dariya har da riƙe ciki, na raɗa mata suna akwatin amarya. Daga nan duk sanda ya kunna ta, kafin a taɓa tsirkiya na riga na yamutsa fuska. Na ce sautinta kamar ana buga kwanon sha da cokali. Allah ya sani, ban taɓa zama na saurare ta ba ko na minti ɗaya.

Ana nan sai bikin Malam Inuwa ya taso, babban akawun ofishinmu. Ni na yi ta kai gwauro ina kai mari har ya yarda ƙungiyarmu ta yi kiɗa a liyafar rana, na cika masa kunne da labarin amfilifayar Ingila. Kofur ya je ya ga zauren, ya dawo ya ce yana da girma, akwati ɗaya ba zai cika shi ba, a ɗauko na Bala a ajiye a ɗaya gefen. Na ce sam. Na ce ko a ɗauki akwatin amarya ko a ɗauke ni, ba za a kunyata ni a gaban manyan ofis ba.

Bala ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Mutumina, ni ban ce tawa ta kai taka ba. Abin da ban sani ba, kunne ne yake ji ko ido. Mu gwada mana, kowa ya huta."

Na ce a gwada sau ɗari in ana so. Kofur ya ce goma ya isa, yana da abin yi.

Ranar Alhamis aka ɗaura igiya a ƙofar shago, aka shanya zanen gado, aka ajiye akwatunan biyu a baya, kusa da juna. Bala ya ɗauki lokaci yana murɗa su har ƙararsu ta zo daidai. Ya ce wannan dole ne, domin duk wadda ta ɗan fi ƙara ita kunne ke cewa ta fi daɗi, shi kansa in yana son sayar da wata rediyo ƙara mata murya kawai yake yi. Aka yi sharaɗi: Kofur zai wurga kwabo sama, gefe ɗaya tawa, gefe ɗaya ta Bala, a jona jitar a wadda ta faɗo, ya kaɗa, ni kuma in faɗi wace ce. Ba za a gaya mini na ci ko na faɗi ba sai an gama goman.

Teloli biyu na shagon kusa suka bar kekunansu suka fito. Mai shayi ya matso, masu jiran gyara suka gyara zama. Muna shirin farawa sai ga ango, Malam Inuwa, da kansa a kan babur, ya zo ya ji yadda shiri ke tafiya. Kofur ya sara masa ya ce ai ga alƙali Allah ya kawo. Aka tsayar da shi a bakin zanen inda yake ganin ciki da waje, aka ba shi kwalin ashana: in na ci ya sa tsinke a aljihun dama, in na faɗi ya sa a na hagu. Maimakon gabana ya faɗi, daɗi na ji. Na ce yau oga zai san masinjansa ba ƙaramin mutum ba ne.

Da aka kaɗa na farko, gaskiya ban ji komai ba sai jita. Na jira ɗumin nan da zaƙin nan su bayyana, shiru. Amma idanu na kaina, sai na lumshe nawa na ce tawa ce. Na biyu ma jita na ji. Na ce ta Bala, don kada a ce abu ɗaya nake faɗa. Daga na uku sai na fara jin bambanci, ko in ce na fara jin ina ji. Na saki jiki, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na shiga yi wa jama'a bayani (ni da ban san ko waya ɗaya a cikin akwatin ba) yadda sautin Turawa ke fitowa a dunƙule, na gida kuwa a warwatse. Telolin suna leƙa bayan zane suna dawowa suna toshe baki da hula. Na ɗauka mamakin gwanintata ne ya kama su.

A na tara ban bari Kofur ya kai ƙarshe ba. Na ɗaga hannu na ce a kashe gwangwanin nan kafin ya kori kajin unguwa.

A na goma ya kaɗa wani kiɗa a hankali, irin wanda ke tuna wa mutum gida. Sautin ya fito tas, mai taushi, har na ji ƙwalla ta taru mini. Na miƙe tsaye, na dafa ƙirji, na juya wajen Malam Inuwa na ce, "Ranka ya daɗe, ka ji yadda take numfashi? Wannan tawa ce. Irin wannan sai Ingila, ko shekara nawa za a yi ana kwaikwayo."

Malam Inuwa ya kama zanen ya ja gefe. Na bi wayar jitar da ido, tun daga hannun Kofur har inda ta shige cikin akwati mai furanni ja da kore. Tawa na gefe, jar fitilarta na ci, ba abin da ke jone da ita. Sannan ya zazzage aljihunsa a kan benci: huɗu a dama, shida a hagu. Ya ƙara da cewa wadda na kira gwangwani ɗazu, ta Ingila ce. Mai shayi ya ce da kwabon aka tambaya maimakon ni, wataƙila da ya fi ni ci.

Dariyar da aka yi har masu wucewa suka tsaya. Bala kaɗai bai yi ba. Ya matso ya ce wa mutane bambanci fa akwai, in aka ƙure su duka biyu tawa tana wani gurnani mai daɗi, tasa kuwa tari take yi, sai dai a ƙarar da ake kiɗan biki da wuya a rarrabe. Ya ce shi ma ya sa an gwada shi kwana biyu da suka wuce, bai gane ba. Mutumin nan hanya ya buɗe mini, ba abin da ya rage sai in yi dariya tare da kowa in ce na sha kashi.

Ni kuwa sai na ce ya taɓa mini amfilifaya. Na ce duk leƙen da yake mata hassada ce, ya kwance wani abu a ciki don ya kunyata ni. Da na ga ba wanda ya yarda, na ɗaga murya na ce, "Mutumin da ko sunansa bai iya rubutawa ba, wanda sai na karanta masa wasiƙa, shi zai koya mini sauti?"

Telolin da suka shekara goma suna maƙwabtaka da shi suka sunkuyar da kai. Bala ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi. Ya zare wayata ya naɗe ta tsaf, ya ɗauko amfilifayar da kansa ya ɗaure mini a bayan keke, ya ja robar ya tabbatar ta kama. Ya ce, "Ka bi a hankali, akwai rami wajen kwalbati."

An yi biki ranar Asabar da akwatina kaɗai. Na bayan zaure ba su ji kiɗan ba, na gaba kuma hankalinsu na kan shinkafa, ba wanda ya tambayi daga wace ƙasa sautin ya fito. A ofis Malam Inuwa ya yi mako guda in ya miƙo mini takarda sai ya ce in saurara in gaya masa ta Ingila ce ko ta gida. Daga nan shi ma ya manta. Iyakar abin da na ji tsoro ke nan, mako ɗaya.

Shagon Bala kuwa ban koma ba. Na canza hanya, ina zagaye mai nisa don kada in bi ta gabansa. Da yamma sai in zauna a ɗaki in kaɗa jitar ba wuta, sautinta ɗan siriri kamar sauro, in sayi ƙosai in ci ni kaɗai. Duk Juma'a in ce yau daga masallaci zan wuce in ba shi haƙuri, har na tsara kalmomin, in na zo mararraba sai keken ya bi ta gida. Haka na yi wata bakwai. Ranar da na daure na je, na tarar ɗaya daga cikin telolin ya faɗaɗa shagonsa zuwa cikin na Bala. Ya ce ai da aka ƙara jihohi, ma'aikatan da ke kawo wa Bala gyara da yawa suka koma garuruwansu, shi ma ya kwashe iyalinsa ya bi su, wasu sun ce Bauchi, wasu sun ce Minna. Bai bar adireshi ba. Ko da ya bari, wasiƙa zan rubuta, wani zai kai wa ya karanta masa, kuma ni ne na mai da wannan abin kunya a bainar jama'a.

Na yi aure daga baya, na haifi 'ya'ya, ga jikoki. Na yi tambayarsa a wajen masu gyaran rediyo a duk garin da na je, ban dace ba. In ya riga ni, Allah ya jiƙansa, in yana raye Allah ya sa ya yafe mini ko bai ji daga bakina ba.

Abin da na koya bai da yawa. In aka gwada ka ka faɗi, ka yi dariyarka a nan take, tun mutanen da za ka yi ta da su suna wurin. Yanzu duk sanda na ji bakina na shirin rantsewa cewa wannan shinkafar ta fi waccan, ko man wancan gidan mai ya fi auki, sai in tambayi kaina ko zan gane in aka rufe mini ido sau goma. Yawanci sai in haɗiye maganar. Iyalina suna cewa tsufa ne ya sa Baba ya yi sanyi, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.