Batirin da Ya Yi Ƙiba

Ni jikan makiyaya ne, a wurina duk abin da ya yi ƙiba lafiya gare shi. Da wannan ilimi na tunkari batirin ɗan jirgina mai rimot, wanda na saya don korar tsuntsaye daga gonarmu ta gero a Wurogauri.

Da na ga ya kumbura kamar fanke, sai na kai shi majalisa ina taƙama: "Ku duba, ya ƙoshi da wuta!"

Maƙwabcina Malam Bitrus ya ja kujerarsa baya. "Maigida, kumburarren batir ba a sake yi masa caji. Binne shi a yashi."

Na ce ba shi zai koya mini kiwo ba. Na koma gida na jona shi, a kan katifa kuwa, don ya saki jiki.

Kafin la'asar hayaƙi ya turnuƙe ɗakin. Matata ce ta zazzage wa batirin bokitin yashi tana salati.

Katifa ta tafi, amma gero ya tsira. Sabon batir a tukunyar ƙasa nake cajinsa, ina tsaye a kansa, jirgi kuma yana tashi lafiya. Sai dai har yau in na gitta majalisa, sai an ɗaga murya: "Arɗo, ya kiwo? Wanga karon ya isa layya?"