Almakashin Darakta

Kaf layin nan babu mai basirar Darakta, kuma daga bakinsa muka ji wannan shaida, saboda haka babu ja. Ofishinsa rabin shago ne, ɗaya rabin na mai gyaran waya, amma a jikin ƙofa an rubuta Cibiyar Fasahar Siffofi. Tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya, sai kujera mai juyawa wadda hagu kaɗai ta sani. Idan ya kama linzamin kwamfuta, ƙaramin yatsansa a sama yake, don kada fasaha ta taɓa tebur.

Sauran masu zane hoto kawai suke liƙawa. Shi kuwa da bekta yake aiki, wato zanen da ake ginawa da layi da da'ira da alwatika, wanda ko an buɗa shi ya cika bango ba ya dusashewa. Duk wanda ya leƙo, ko tambayar hanya ce ta kawo shi, sai ya sha wannan karatun.

Yayarsa ta shekara shida tana ɗinki a tsakar gida kafin ta samu ta kama shago. Ranar nan ta zo masa da 'yar buƙata.

"Auta, allo nake so. Ka zana min almakashi, ka rubuta ɗinki, shi ke nan."

Darakta ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa. "Yaya, a ofis Darakta ake cewa. Almakashi kuma ai kowane mai fenti zai zana. Ni ruhin almakashi zan fito miki da shi."

Kwana tara yana farautar ruhin. Ya ja da'ira biyu, ya huda cikinsu da wasu ƙanana. Ya miƙa dogayen alwatika biyu, ya ga kaifinsu ya yi kama da na kowa, sai ya kamo ɗigon kusurwa ya lanƙwasa su. Ya haɗe, ya raba, ya kifa, ya zuba launi mai tashi daga shuɗi ya narke a kore. Kalmar ɗinki kuwa goge ta ya yi, wai rubutu raina hankalin mai kallo ne.

Aka buga allo ƙato, aka kafa. Mutumin farko da ya shigo, tabarau ya kawo a gyara masa. Wata mata ta tambayi ko akwai tayar keken yara. Mai gyaran waya ya rantse kwaɗo ne a rigingine. Mako guda cur Yaya na zaune gaban kekenta, ko maɓalli ba a kawo ta ɗinka ba. Ta kira Auta tana huci.

Ya iso da kwat a tsakar rana, ya tsaya ƙarƙashin allon, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, allon nan lafiyarsa ƙalau, idanunku ne ba su yi makaranta ba! Ku dubi lanƙwasar nan, ɗigo huɗu kacal na yi ta da su. Akwai ƙasashen da za a ɗauke ni a kafaɗa saboda ita."

Masu wucewa suka tsaya, suka ga ba magani ake sayarwa ba, suka watse. Yaya ta ɗauki allin awo ta rubuta ANA ƊINKI a jikin ƙofa. Kafin ya kai ƙarshen bayanin launi, mata biyu sun shige da yadi. Bai gan su ba, hankalinsa na kan wata tsohuwa da ta tsaya daram kusa da shi tun farko, tana gyaɗa kai.

Zuciyarsa ta yi sanyi. Ashe dai da sauran masu ido a duniya.

"Kaka, ke kaɗai kika fahimta. Faɗa musu abin da allon nan ya yi miki."

Tsohuwa ta share gumi da gefen mayafi. "Wallahi ɗan nan, ya yi min rana, mota nake jira. Ɗan matsa can, ka cinye min inuwar."