Yadda Za Ka Ɓoye Rijiyar Kawunka a Cikin Fostar Kimiyya

Kai ɗalibin kimiyya ne? An ce ka yi fosta, babbar takardar nan mai taswira da zane-zane da ake mannawa a bango ranar baje kolin bincike? Kuma sakamakon ya fito da abin da zai iya raba ka da tuwon gidanku? Share guminka, ka zo wurin gwani. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari fostarka za ta fito fes, malamai su tafa, kawunka ya sa maka albarka. An gwada hanyar a kan Salmanu, wani ɗan unguwar Mardjandafak mai nazarin ruwan sha a fakulte, wato jami'a, kuma ta yi aiki kusan har ƙarshe.

Mataki na 1: San abokin gabarka

A da fosta ba ta da wuya. Ka ja hoto nan, ka gyara lamba can, in sanda ta yi tsawo a zane ka datse ta, ba mai ji ba mai gani. Sai Allah ya haɗa Salmanu da Dokta Ikilima, malamar da ke duba aikinsa, wadda ta dawo daga karatu da sabuwar fitina. A labonta, wato ɗakin gwajinta, ba a tsara fosta da hannu. Rubutu zalla kake yi kamar saƙon waya, da 'yan alamomi, sannan ka cusa kod, wato umarnin kwamfuta, a tsakanin layukan. Ka danna maɓalli ɗaya, kod ɗin ya buɗe sakamakon gwaji da kansa, ya yi lissafi, ya zana taswira, har ya cike gurbin da ka bari a jimla. "Ko wa ya danna, abu ɗaya zai fito," in ji ta, tana fara'a. Ka riƙe wannan da kyau: kod ba shi da kawu, kuma bai taɓa cin abincin kowa ba.

Mataki na 2: Kada ka sa rijiyar gida a bincike

In ka riga ka sa, to ka yi wa Salmanu ta'aziyya, ɗan'uwanka ne.

Kawu Mudi, mai shagon atamfa a bakin kasuwa, shi ya riƙe Salmanu tun rasuwar mahaifinsa, shi ya sa shi a lakwal, makarantar boko. Kawu yana iya yafe maka komai ban da rijiyar tsakar gidansa. Kakansu ne ya haƙa ta, lokacin da ya taso a ƙasa zai tafi Makka, tafiyar ta tsaya masa a nan. Ba wanda ya taɓa ce mata Zamzam, ana tsoron Allah, amma ana ɗaga guga da ladabi. An ja famfo a layin, Kawu ya ce na wanki ne.

Salmanu ya ɗebi ruwan rijiyoyin unguwanni don ƙirga ƙwayoyin cuta, ya haɗa da ta gida domin duniya ta ga yadda ruwan kirki yake. Ya rubuta jimlarsa da Faransanci, "Rijiya mafi ƙazanta ita ce," ya bar wa kod gurbi, yana jiran sunan wani bawan Allah a can unguwar Goudji. Ya danna. Gurbin ya cika da "Gidan Alhaji Mudi, Mardjandafak". Abin da ya fara zuwa ransa shi ne ɗakinsa na zaure da kwanon abincinsa. Zancen cewa jikokin gidan da ruwan suke karya kumallo kuwa, wannan ba ya cikin darasinmu.

Mataki na 3: Goge da hannu

Buɗe fostar da ta fito, ka goge sunan. Za ka ji daɗi na ɗan lokaci. Da zarar an sake dannawa, kod zai koma ya duba sakamako ya dawo da sunan inda yake, ko gaisuwa babu. Salmanu ya goge, ya dawo, ya goge, ya dawo, har wuta ta ɗauke. Da aka kawo ta ma da sunan ta zo.

Mataki na 4: Sake gwaji, ko gaskiya za ta gaji

Masana sun ce haƙuri maganin zaman duniya. Salmanu ya ɗebo sabon ruwa da asuba, a sabuwar kwalba, da bismilla. Sai dai ashe ruwan sama ya sauka a tsakani, ramukan masai na maƙwabta sun cika sun yi abin da suka saba yi a ƙarƙashin ƙasa. Sakamakon ya fi na farko muni, kuma tun da ya shiga na'urar labo ba ya fita. Sandar gidan Kawu ta ƙara tsawo, har kod ya matse sauran don ya ba ta wuri.

Mataki na 5: Yi hattara da tsani

Akwai wata alama mai kama da ɗan tsani, #. In ka sa ta a gaban layi a cikin kod, layin ya yi barci, ba ya aiki. In ka sa ta a wajen kod, layin ya zama kanu da manyan baƙi. Gwanaye ba sa rikita su. Salmanu yana sauri, ya sa tsaninsa a gaban jimlar don ta yi barci, alhali a wajen kod take, ya tura wa Dokta Ikilima bai duba ba. Ta buɗe, sunan Alhaji Mudi ya cika allon daga wannan gefe zuwa wancan.

Ka ga inda sa'a ta fi sammako. Ta kira shi tana faɗa: "Wa ya ce maka ana sa sunan mutane a fosta? Ka sa lambobi!" Salmanu ya sunkuyar da kai kamar mai nadama, cikinsa kuwa guɗa yake yi. Kod ya jera rijiyoyin daga mafi ƙazanta, ya raba musu lambobi, gidan Kawu ya zama Puits 1, wato rijiya ta ɗaya. Ta ƙara da cewa, "Amma ka je ka sanar da mai gidan nan, kada ka kwana." Ya ce insha Allahu. Insha Allahu iri-iri ce, kai ma ka san wadda ya yi.

Mataki na 6: Fake a bayan Faransanci

Kawu yana jin Hausa da Larabcin gari, yana karanta ajami, Faransancinsa kuwa bai wuce na ciniki da 'yan duwan ba, wato ma'aikatan kwastan. Don haka kada ka bar kalma ɗaya a fostar da zai iya kamawa. Kai ta unguwar Paris-Congo wurin Yunusu, mai buga allunan shago da na kamfen, ya buga maka a kan leda mai sheƙi. Abin da ba a gaya wa Salmanu ba, Yunusu a wurin Kawu yake sayen atamfar matarsa, kuma bakinsa ba shi da murfi.

Mataki na 7: Yi shiru

Ranar baje koli Salmanu yana tsaye gaban fostarsa da taye, sai ga Kawu Mudi cikin babbar riga, da abokansa biyu na kasuwa, yana riƙe da hannun jikarsa Bahijja. Bai karanta ko harafi ba. Taswirar ya duba. Mutumin da aka haifa a Mardjandafak ba ya buƙatar Faransanci kafin ya gane kasuwa da masallaci da lungun gidansa. A kan gidan ga jan ɗigo, ya fi kowane girma, ga lamba ɗaya. A gefe ga sanda ta kere sa'o'inta.

"Wannan doguwar ta wa ce?"

"Ta... ta gida ce, Kawu."

Kawu ya juya ga abokansa, idonsa ya kawo ruwa. "Kun gani? Boko ma ya shaida. Mun zo na ɗaya! Allah ya yi maka albarka, ɗan nan."

To, ka ci. Fosta ta fito, an tafa, ga albarka a hannu. Abin da ya rage kawai ka haɗiye miyau ka ce amin.

Mataki na 8: Kada ka yi abin da Salmanu ya yi

Kawu bai tsaya nan ba. "Khalas, shi ke nan," ya ce, "daga gobe ƙofa a buɗe take, sadaka ga duk layin. Duk gidan da aka yi haihuwa a kai musu jarka. Wannan takarda kuwa a bakin rijiyar za a rataye ta."

Bahijja ta ciro 'yar gorarta ta makaranta, wadda ake cika mata daga guga kullum, ta fara kwance murfin. Salmanu ya karɓe gorar daga hannunta. Tsoro ya cika shi, amma bakinsa ya riga shi.

"Kawu, tsawon nan ba na kyau ba ne. Ƙwayoyin cuta ne. Tamu ta fi kowace ƙazanta."

Abokan suka sami abin kallo a fostar maƙwabci. Kawu ya daɗe yana duban jan ɗigon. Salmanu ya jira tsawa, ya jira a ce ya kwashe kayansa daga zaure. Da Kawu ya yi magana, a hankali ya yi ta.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin damina ta ɗauke."

"Kai kana sha?"

Salmanu ya saci kallon jakarsa. Tun ranar da sunan ya fara fitowa ruwan gora yake saya, yana ɓoyewa a jakar kwamfuta. Kawu ya gane. Ya karɓi gorar yarinyar ya juye ruwan a gindin bishiya, ya kama hannunta.

"Rijiya ana rufe ta, Salmanu, yau ma za a rufe," ya ce. "Ɗakinka yana nan. Amma kai za ka gaya wa uwar yarinyar nan da bakinka."

Sanarwa

Mai wannan jagora ya yi alkawarin fosta fes da tafi da albarka, kuma duk an samu, akwai shaidu. Ba shi da alhakin abin da kod ya faɗa, ko abin da taswira ta nuna, ko bakin Yunusu. Wanda ya zo neman mataki na tara, yadda ake tsayawa gaban uwar Bahijja, ya yi haƙuri ya nemi wani gwanin. Ni ban san shi ba, Salmanu ma da ya tsaya a ƙofar ɗakinta yana sallama bai san shi ba.