Rigar da Na Sa wa Mai Sharar Fage

Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantarmu a Gwarzo, kuma ina so a shaida cewa ban taɓa kuskure a rubuce ba. Shi ya sa da muka gayyato babban mawaƙi daga Kano, ni aka damƙa wa babbar rigar da za a sa masa.

Shugaba ya ce, "Malam Sakatare, ka san fuskarsa kuwa?"

Na ce ba na bukata, takardata ta ce ƙarfe huɗu zai hau dandamali.

Ƙarfe huɗu daidai wani dattijo ya hau da kukuma, ya rera waƙa har mata suka rangaɗa guɗa. Na taka cikin natsuwa, na zura masa rigar, na yi dogon jawabi kan yadda ya shahara har ƙasashen waje. Yana ta gyaɗa kai.

Ashe mai sharar fage ne, mutumin Getso, da aka sa ya riƙe jama'a domin mawaƙin ya makara. Wanda ya makara ba a tuhume shi ba, sai ni. Na roƙi dattijon a asirce ya dawo da rigar.

"Haba Malam," in ji shi, "kyautar da aka yi gaban jama'a? Ni da na je ƙasashen waje?"

Har yau da ita yake zuwa sallar Juma'a. In kuwa na shiga taro, sai Shugaba ya ce, "Kowa ya zauna kusa, Sakatare ya iso, wataƙila yau ma akwai rabon riga."